Wasan da Aka Ji ta Manwar

Ustaz Fikri Shalabi mai gyaran tabarau ne a wani ƙaramin shago da ke bayan tashar Ramla, a nan Iskandariyya ta ƙasar Masar. Shagon ba nasa ba ne. Yana saurayi ya shiga aiki a cikinsa, kuma a kan kujerar da ya fara zama ya yi furfura. Ni akawu ne a wani kamfani da ke fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, sunana Nagi, kuma tabarau da ya karye mini ne ya haɗa mu. Abin da na gani da idona zan ce na gani, wanda aka ba ni labari zan faɗi wanda ya ba ni.

Ranar da na kai masa tabaraun na tarar da shi a bayan kanta ya riƙe wata 'yar takarda da hantsaki, yana manna ta a kan kati. Na tambaye shi mene ne wannan. Bai ɗago ba ya ce, "Kana wasa?"

Na ce, "Tawula, kamar kowa." Wasan nan ne na gidajen shayi da ake jefa 'yan ƙwayoyi masu ɗigo kamar na lido.

Ya ce, "Tawula ai addu'a ce, ya Ustaz. Ka jefa, ka ce ya Rabbi, ka jira. Ka zo gidana ranar Juma'a bayan la'asar ka ga wasa."

Na je. Gidansa yana hawa na huɗu a wani tsohon bene a unguwar Ibrahimiyya. A can na fara ganin wasannin nan na Turai da ke zuwa cikin kwali, da allo mai naɗewa da katuna da 'yan itatuwa masu launi. Ba su da yawa a wurinsa, kabad ɗaya ne bai ma cika ba, domin suna da tsada kuma Fikri ba ya saye da gaggawa. Akwai shago guda a unguwar Rushdi da ke kawo su. Sai ya yi wata da watanni yana zuwa duba kwali ɗaya, ya karanta dokokinsa a tsaye, ya mayar, ya tafi. Mai shagon har ya ajiye masa kujera.

Tambayoyi uku yake yi wa kowane wasa kafin ya fitar da kuɗinsa. Na farko, in an cinye ka, za ka iya nuna wurin da kai da kanka ka yi kuskure? In amsar ita ce sa'a ce ta ƙi, to ba ya saye. Na biyu, zai sa abokai su yi wa juna ihu? Na uku, bayan ihun za su iya cin abinci a faranti ɗaya? Ya ce yawancin wasanni a ta biyun suke faɗuwa, masu kyau ƙwarai kuma a ta uku.

Mu huɗu ne a teburin. Da ni, da shi, da matarsa Madam Madiha, malamar lissafi wadda ta fi mu duka iya ɓoye fuska, sai Dakta Wagdi, likitan haƙori, mutum mai ƙaton ciki da murya kamar ta mai tallar gas. Madiha ta hana mu falo saboda kujerunta, don haka muke zama a teburin cin abinci, kusa da tagar kicin. Tagar kuwa cikin manwar take buɗewa, ramin nan da ake bari a tsakiyar bene don iska da haske. Ta nan ake sanin gidan da ake soya kifi da gidan da ake faɗa. A gindin ramin, can ƙasa, ɗakin maigadi yake, Ammu Gad, shi da iyalinsa. Shekaru muka yi muna wasa a wurin, babu wanda ya taɓa tunanin tagar.

Wasan da ya jawo mana abin da ya jawo, wani matuƙin jirgin ruwa ne ya kawo wa Fikri shi. Taswirar wani birni ce mai kogi da gadoji. 'Yan wasa suna haɗa kai su shimfiɗa layin tiram, jirgin ƙasan nan na cikin gari, daga tasha zuwa tasha, amma a cikinsu akwai guda da ya ja katin maci amana a ɓoye, aikinsa ya riƙa fasa gadoji ba tare da an gane shi ba. Wanda ya gano shi dole ya nuna shi da yatsa ya faɗa da baki. In ya dace, masu gini sun ci. In ya yi kuskure, ko gadoji huɗu suka faɗi, birni ya rushe. Fikri ya ce a rayuwarsa bai ga wasan da ya amsa tambayoyinsa uku kamar wannan ba.

Matsala ɗaya, sunayen tashoshin. Dakta Wagdi ya kasa furta ko guda.

"Wannan suna ne ko tari?" in ji shi. "Ni baki nake gyarawa, amma wannan sai ya zubar mini da haƙora. Ya Fikri, ka sa mana sunayen mutane mana."

Fikri kuwa abin da yake so ke nan. Dama shi ke fassara mana katuna da hannunsa. Ya yanka ƙananan takardu, ya rubuta da rubutunsa mai kyau, ya manna a kan kowace tasha da gam ɗin da yake haɗa tabarau. Juma'ar da ta biyo baya ya buɗe allon, sai ga garinmu: Ramla, Sidi Gabir, Bakus, Manshiyya, ƙofar tashar jiragen ruwa, gadar Istanli. Muka tafa masa. Ni da kaina na ce ya kamata a ba shi lambar yabo.

Duk lokacin sanyin nan wasan nan kawai muke yi. Kuma ba a hankali ake yin sa ba. Wagdi ya buga tebur ya ce, "Wa ya fasa gadar Istanli? Wallahi akwai maci amana a cikinmu, kuma yau sai na gano shi!" Madiha ta ce, "Ku bar Manshiyya tukuna, Sidi Gabir za mu fara kamawa, daga nan tashar jiragen ruwa ta zama tamu." Ni ma, da ba ni da hayaniya, na sha cewa, "Juma'a mai zuwa ba za a bar gada ko ɗaya a tsaye ba."

Madiha ce ta fara lura. Ta ce ta zura kwando daga baranda da safe don Ammu Gad ya sa mata burodi kamar kullum, ya ga kwandon, ya juya baya ya shige. Matarsa ta daina amsa gaisuwa sosai. Maƙwabciyarsu ta hawa na uku, wadda kullum take aron tafarnuwa, ta daina hawowa. Fikri ya ce ƙila kuɗin wata ne ya yi musu kaɗan, a ƙara.

Abin da ya biyo baya Fikri ne ya ba ni labari. Ya dawo daga shago da yamma, ya tarar da Ammu Gad a tsaye a ƙarƙashin matakala, inda ake ajiye mitocin wuta. Tsohon ya kama masa hannun riga ya jawo shi cikin lungun.

"Ya Ustaz, ni ban ce komai ba. Wallahil azim ban ce komai ba. Amma an tambaye ni, kuma ina da 'ya'ya."

"Wa ya tambaye ka? Me aka tambaya?"

Ammu Gad ya waiga. Ya ɗaga yatsu biyu ya taɓa kafaɗarsa, inda taurari ke zama a rigar jami'an tsaro.

"Ya ce su wane ne ke taruwa a hawa na huɗu duk Juma'a. Na ce abokai ne, mutanen kirki, likita da akawu. Ya ce to me ya haɗa mutanen kirki da gadar Istanli." Ya sassauta murya. "Ya Ustaz, ni ma na ji. Duk benen nan sun ji. Kun ce za ku kama Sidi Gabir. Madam ce ma ta faɗa."

Fikri ya ce mini ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya fasa. Ya zauna a kan matakala. Ya ce, "Wasa ne, Ammu Gad. Kwali ne da takarda."

"Ni na yarda, ya Ustaz. Amma ba ni zan rubuta rahoton ba."

Washegari muka haɗu a ɗakin haƙoran Wagdi, ya sallami mai taimaka masa, ya kunna injin huda haƙori don ƙararsa ta rufe maganarmu. Ban taɓa ganin Wagdi yana raɗa ba sai ranar.

"A ƙone shi," in ji shi. "Yau ɗin nan."

Fikri ya ce, "A ina? A kicin, hayaƙi ya bi manwar? Su ce an gaya mana, mun ƙone shaida?"

"To a jefa a shara."

"Ammu Gad ke kwashe shara."

"Ɓamɓare takardun mana, ɗan'uwa! Ya koma birnin Turawansa."

Fikri ya sunkuyar da kai. Ya ce ya gwada tun jiya. Gam ɗin tabarau ba ya saki. Inda ya matsa, fatar allon ta taso, sai wurin ya zama kamar an kankare wani abu da gangan, wanda ya fi sunan muni.

Na ce to mu daina haɗuwa. Fikri ya dube ni ya ce, "Mutanen da suka yi shekaru suna haɗuwa duk Juma'a, an yi tambaya a kansu ranar Litinin, Juma'a ba su zo ba. Kai akawu ne, ya Nagi. In kai aka ba wannan ka rubuta, me za ka rubuta?"

Na san abin da zan rubuta.

Kwanakin da suka rage kafin Juma'a, Fikri ya haɗa 'yar jaka ya ajiye a bayan ƙofa: rigar sanyi, maganin hawan jininsa, da tabarau na biyu mai firam ɗin roba, don ya ji a kurkuku ana karɓe mai ƙarfe. Madiha ta ce mini duk motar da ta tsaya a ƙofar bene sai ya ajiye cokali. A shago, in baƙo ya shigo bai cire tabarau ya miƙa ba, sai Fikri ya ajiye ƙaramin sukurun ya tsura masa ido. Ni kuma a ofis na riƙa jin kamar kowa ya san ina aiki da takardun tashar jiragen ruwa, kuma sunanta na kan allon.

Juma'a ta zo, muka hau. Muka shimfiɗa wasan, domin Fikri ya ce in an zo gara a tarar da shi a buɗe. Muka bar tagar ma a buɗe, don rufe ta ma magana ce. Sai dai babu mai iya furta sunan tasha. Da yatsa muke nunawa. Shayi ya huce a kofuna.

Ba a buga ƙofar da ƙarfi ba. Fikri ya tashi, ya dubi jakar, ya buɗe. Ammu Gad ne, idonsa a ƙasa, a bayansa wani mutum matsakaici, mai rigar sanyi ruwan toka, riƙe da ledar lemo. Da a tiram na gan shi da na ce malamin firamare ne.

"Salamu alaikum. Ku gafarce ni, na shigo muku ba sanarwa. Sunana Mamduh. An ce mini ana shan shayi mai kyau a nan." Ya miƙa wa Madiha lemon. "Ammu Gad, sauka abinka, Allah ya ba ka lafiya."

Bai faɗi inda yake aiki ba, babu kuma wanda ya tambaya. Ya zagayo teburin, hannayensa a baya, ya sunkuya a kan allon ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da murya. Da ya zo kan wurin da Fikri ya kankare, ya shafa shi da ɗan yatsa.

"Rubutun wa ne? Ma sha Allah."

"Nawa ne, ya Basha. Wasa ne. Sunayen asali sun yi wa Dakta wuya, shi ne na..."

"Basha ai na manya ne, ya Ustaz, ni Mamduh kawai. Wannan jan itacen da ke kan gadar fa?"

"Alama ce an... an fasa ta."

"An fasa ta," in ji shi, kamar yana ɗanɗana kalmar. Ya jawo kujera ya zauna. "To ku koya mini."

Fikri ya koya masa. Na sha jin sa yana bayanin dokoki, yana jin daɗinsu kamar mai ba da labarin ɗansa. Ranar kuwa kamar yana karanta takardar asibiti. Aka raba katuna, mu biyar. Muka shimfiɗa layi daga Ramla har Bakus, babu gadar da ta faɗi. Muka gama birnin gaba ɗaya lafiya lau, abin da bai taɓa faruwa ba.

Mamduh ya ce, "Af. Ba kun ce akwai maci amana ba? Ina yake?"

Kowa ya juya katinsa. Yana hannun Fikri.

Mamduh ya daɗe yana kallonsa, da ɗan murmushi. "Kana da shi tun farko, ka zauna shiru, ba ka taɓa komai ba. Irinku ai su ne masu wahalar sha'ani, ya Ustaz." Ya tashi, ya naɗe allon da kansa, ya jera komai cikin kwalin. "Zan ɗan ara. Shayin kuwa gaskiya aka faɗa mini. Sai Juma'a."

Ya kuwa dawo Juma'a, ba tare da kwalin ba. Ya dawo wadda ta biyo. Kullum da lemo ko gwaiba, kullum da gaisuwa mai kyau. Ya san sunan asibitin da 'yar Wagdi ke aiki, ya tambaye ni lafiyar shugaban sashenmu da sunansa, ba tare da na taɓa ambata ba. Bai taɓa yin barazana ba. Zama yake ya ce, "Yau me za mu buga?"

A nan Fikri ya canza. Ya fitar da duk wasan da ke da taswira, ko sarki, ko soja, ko wanda ake yin ƙarya a cikinsa, ya tura ƙarƙashin gado. Abin da ya rage bai kai a yi wata da shi ba, dole ya koma saye. Na raka shi Rushdi sau ɗaya a lokacin. Mutumin da ke yin watanni a kan kwali guda ya shiga ya ce wa mai shago, "Ba ni wanda ake jefawa a ga abin da ya fito. Mai tumaki ko kayan lambu."

Mai shagon ya yi dariya. "Ustaz Fikri? Kai da ka ce wannan addu'a ce ba wasa ba? Jika aka yi maka?"

"Akwai taswira a ciki?"

"Gona ce kawai."

"Gonar tana da suna?"

Mai shagon ya daina dariya, ya naɗe masa.

Haka muka yi ta kiwon tumakin katako har zafi ya shigo. Kuma ko a wasan sa'a akwai 'yan wuraren da mutum ke zaɓi, a nan Fikri yake zaɓar abin da zai sa Mamduh ya ci. Yana yi da gwaninta, kaɗan kaɗan. Mu ma muka koya. Wagdi ya daina buga tebur, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Madiha kaɗai ke cin wasa wani lokaci, ta ce in ba haka ba abin zai yi yawa. Jakar tana nan bayan ƙofa, sai dai Madiha ta cire rigar sanyi ta sa mai shara-shara.

Wata Juma'a Mamduh ya shigo babu lemo. Kwalin gadoji ne a hammatarsa. Ya ajiye shi a tsakiyar tebur, ya ture tumakin gefe.

"Ya Ustaz Fikri, ni a tawula ko yaron gidan gahawa cinye ni yake. A gidanka kuwa na zama gwani. Ka ga abin mamaki?"

Ya jawo kujera ya zauna, ya ci gaba.

"Manyana a wurin aiki suna tambayata. Suna cewa, wannan abu wasa ne ko ba wasa ba ne? Ni kuma me zan ce? Na ce mutumin ya ja katin, bai buga ba. Na ce tun da nake zuwa ban taɓa ganin hannunsa na gaskiya ba. Mutumin da ya iya ɓoye hannunsa haka, ka san yadda ake karanta shi." Ya buɗe kwalin. "Ranar Lahadi zan ba da amsa. Yau ku buga mini shi yadda kuke bugawa kafin in zo. Da ihun da komai. Madam, a ƙara buɗe tagar nan, zafi."

Shi ya tattara katunan, shi ya raba. Na duba nawa, mai gini ne. Muka fara. Muryar Wagdi ta fito kamar ta mai mura da ya ce, "Ramla zuwa Manshiyya." Zagaye bai yi nisa ba gadar Istanli ta faɗi. Can kuma ta Bakus.

Na san Fikri a tebur. In ya gano mutum, yakan cire tabarau ya goge da gefen riga. Bayan gada ta biyu ya cire ya goge. Ya mayar. Ya sake cirewa. Bai dubi Madiha ba, bai dubi Wagdi ba, bai dube ni ba, sai na gane wanda ya gano.

Dokar wasan ba ta da kwana: sai ka nuna da yatsa, ka faɗa da baki. In Fikri ya yi shiru, ya tabbatar wa mutumin cewa har yanzu ɓoyewa yake. In ya nuna ɗayanmu da gangan, Mamduh zai gane, domin ya fi kowa sanin inda katin yake. In kuma ya faɗa, to ya kalli mutumin da ke da amsar ranar Lahadi ya kira shi da sunan da ake ɗaure mutane a kansa, taga a buɗe, bene duka suna ji.

Gada ta uku ta faɗi. Saura guda birni ya rushe. Mamduh yana jera katunansa, yana ɗan kaɗa ƙafa. Daga ƙasa ana jin rediyon Ammu Gad, sai aka kashe shi.

Madiha ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Fikri, kai ake jira."

Ya ɗaga hannu. Ya nuna Mamduh da yatsa. Sannan ya faɗa da ƙarfin da ya wuce wanda ya nufa:

"Kai ne maci amana, ya Basha."

Ban san tsawon shirun ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Na dai ji cokali ya faɗi a kicin ɗin wani a hawa na ƙasa. Mamduh bai yi murmushi ba. Ya dubi yatsan, ya dubi Fikri, ya sa hannu a hankali ya juya katinsa. Maci amana.

"Ta yaya?" in ji shi.

A nan na ga abin da ban zata ba. Fikri ya matso da kujera. "Tun gada ta farko. Kowa in gada ta faɗi allon yake kallo, ya ga ɓarnar. Kai fuskokinmu kake kallo. Sannan ka ba da katin ƙarfe a Manshiyya inda ba a bukatarsa, don ka nuna kana taimako. Sabon shiga duk haka suke, sai su yi kirki fiye da kima. Da ka riƙe shi zuwa Sidi Gabir, ka bar zargi ya faɗa kan Dakta, shi da dama fuskarsa ta marasa gaskiya ce..."

"Ni kuma me na yi?" in ji Wagdi, da tsohuwar muryarsa, kafin ya tuna ya rufe baki.

Sai Fikri ya ji abin da yake faɗa, da wanda yake faɗa wa. Ya katse maganar, ya ja kujerarsa baya.

Mamduh ya yi dariya, gajeriya, ta hanci. "Fuskoki nake kallo. To, aiki ne ya bi ni." Ya tashi, ya gyara riga. Ya dubi allon ya ce, "Wasa ne mai kyau. Nawa ake sayar da irinsa?" Fikri ya ce ba a samunsa a nan. Ya ce, "Gara haka." A bakin ƙofa idonsa ya sauka kan jakar, ya ɗan taɓa ta da ƙafa. "Tafiya za ka yi, ya Ustaz?"

"A'a."

"To madalla."

Bai ce sai Juma'a ba. Ya bar kwalin a kan tebur.

Lahadi ta zo ta wuce, ba a zo ba. Juma'a muka jera kujeru biyar, ta biyar ta wuni babu kowa. Bayan wani lokaci kwandon Madiha ya fara dawowa da burodi, maƙwabciya ta hawo aron tafarnuwa. Babu wanda ya taɓa zuwa ya ce mana an rufe maganar, kuma ba a zuwa a tambaya. Ba a kama Fikri ba, wannan shi ne abin da zan iya rubutawa da tabbaci.

Har yanzu muna haɗuwa. Mun koma falo, Madiha ta shimfiɗa zane a kan kujerunta. Tumakin kuwa Fikri ya ba jikokin Ammu Gad. Wasan gadoji yana cikin kabad, ba mu sake buɗe shi ba, ko da yake Fikri yana cewa har gobe shi ne mafi kyau da ya taɓa mallaka. Jakar kuma tana bayan ƙofa. Ya ce ta saba da wurin.

Kwanan baya na raka shi Rushdi duba wani kwali da ya daɗe yana zagayawa. Ya zauna a kujerarsa, ya karanta dokoki, na ga yana gyaɗa kai, alamar tambayoyin nan uku sun sami amsa. Sai ya ɗebi katunan, ya juya baya ga mai shago, ya riƙa karanta su ɗaya ɗaya a ƙasan murya, kansa a karkace kamar mai sauraro daga gindin rami. A kati na tsakiya ya tsaya. Ya sake karantawa. Ya mayar da su, ya rufe kwalin, ya shafa murfinsa.

Mai shagon ya ce, "Yaya, ya Ustaz? Bai yi ba?"

Fikri ya ce, "Ya yi ƙwarai. Amma ba zai bi ta manwar ba."